Madubin Dympna

Kaf garinmu an san Malachy Tierney ya rantse ba zai taka tsohon gidan gajiyayyu ba, inda kakar babansa ta shiga a shekarun babbar yunwar da aka yi lokacin da dankali ya ruɓe a gonaki, ba ta fito ba. To, an shafe gidan da fenti, an mai da shi gidan jinyar tsofaffi. Da shanyewar ɓarin jiki ta kayar da Malachy, can aka kai shi, matarsa Dympna na biye da buta da bargo, tana harare-hararen masu leƙe. Har da ni, ba na musu.

Tagogin gidan can sama suke, kusa da rufi. Da gangan aka gina su haka, don kada na ciki ya ga waje. Malachy kuwa ba abin da yake so illa ya ga tudun gonarsa. Dympna ta je wurin masu kula da tsofaffin gine-gine ta roƙa a sauko da taga ɗaya. Suka ba ta shayi, suka ce ginin tarihi ne, ko dutse ɗaya ba a taɓawa.

Sai ta ɓalle madubin ƙofar kwabarta, ta ratso gari da shi a ka, ta hau kujera ta rataya shi a bangon da ke fuskantar tagar. Ta yi ta karkata shi har tudun ya fito.

"Tsoho, ka ga gonarka?"

"Na gani, uwar rigima. Sauko kafin su ba ki gadon kusa da ni."

Kullum ta zo sai ya ba ta labarin abin da ya hango a madubin: jar saniya ta tsallake shinge, maƙwabci ya makara da yankan ciyawa. Ita kuma ta ce ƙarya yake, ragwancinsa ne ya bar shingen haka.

Ranar da ya cika, ta zo kwashe kaya. Gajiya ta sa ta ɗora kai a matashinsa, ta ɗaga ido. Babu tudu. Daga kan kujera ne ake ganinsa. Daga gado, abin da ke cikin madubin shi ne filin bayan gida, inda aka binne mutanen yunwa ba ko dutsen shaida.

Ta ɗauki butarta da bargon. Madubin yana nan har yau. Ta hana a gyara shi, ta hana a sauke.