Butalin Baba a Jiratawa

Tun ranar addu'ar arba'in ɗin Inna na faɗa wa Baba: ko dai ya biyo ni Maraɗi, ko ya zauna Jiratawa shi kaɗai da sharaɗi guda. Ranar da na ga alamar wuta za ta ci shi, ranar zai tattara. Ya ce ya ji. Baba Maliki fa, in ya ce ya ji, ka san da bango ka yi magana.

Hayaƙin itace na tayar masa da tari, shi ya sa na sayo masa ƙananan butalin gas guda biyu. Ɗaya na wurinsa yana dafa shayi, ɗaya na wurina. In nasa ya kusa ƙarewa sai in kai wanda babu komai shagon Sabon Gari a musanya mini da cikakke. Ba na karɓa sai na duba hatimin bakinsa, na leƙa gindinsa ko da tsatsa, na sunsuna. Mai shagon har tsokanata yake, wai Khaulat ta zo, kowa ya ɓoye ruɓaɓɓen kayansa.

Ran nan da la'asar na hau kabu-kabu, na rungume butalin a tsaye kan cinyata. Mai babur ya ce in kwantar da shi a baya ya ɗaure. Na ce ka kwantar da naka in ka saya.

Hanyar Jiratawa kullum sai ta sa ni gyangyaɗi da ido buɗe. Gari ya tsaya a baya, kore ya fara. Zogale layi-layi, ruwa na tafiya a hankali cikin magudanai, balbela tsaye a gefe ba ta ko motsi. Na riƙa ganin kaina ina yarinya, ina bin Baba da ƙafa cikin laka, yana tsinko ganye ya murza ya sa mini a hanci, ya ce in faɗi sunansa ido rufe. Ban san mun iso ba sai da babur ya tsaya.

Tun daga zaure warin ya mare ni, kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Innalillahi! Na dire butalin a inuwa na ruga. Ƙofar ɗaki a saye, taga a rufe. Baba na kishingiɗe kan tabarma, ido rabi a lumshe, yana murmushi shi kaɗai. Ga ƴar tukunyar shayi ya jera, ga kwalin ashana a hannunsa.

"Baba, kada ka ƙyasta!"

"Mi ya faru, ɗiyata?"

Na fizge ashanar, na murɗe kan butalinsa, na bankaɗe taga da ƙofa. Ko makunnin fitila ban yarda na taɓa ba. Na ja shi waje, sannan na koma na kinkimo butalin da murhun zuwa ƙarƙashin rumfa. Bakina kuwa bai tsaya ba.

"Sau nawa zan ce ba a ajiye shi ɗakin kwana? Sau nawa, Baba?"

"In na bar shi waje awaki ke tauna tiyon," ya ce.

Na duba tiyon. Ya tsage, shi kuma ya naɗe wurin da guntun robar taya, tam-tam, yadda suke ɗaure tiyon ban ruwa a lambu. Har da ƙulli mai kyau. Kai, Baba! Wai gas ma ruwan rijiya ne.

Na kaɗa sabulu a kwano, na shafa kumfar a kan ɗaurin, na ɗan buɗe butalin. Sai ƙwayoyin kumfa suka fara tasowa ɗaya bayan ɗaya. Suna kumbura, hasken yamma na shiga cikinsu, ja da kore da shuɗi, su fashe wasu su taso. Baba ya matso da fuska, ya daɗe yana kallo. Ni ma fushin ya ɗan sake ni, na tsaya kallon tare da shi kafin in rufe.

"Ashe haka yake fita," ya ce a hankali.

"Duk warin nan ba ka ji ba?"

Sai ya ce tun zazzaɓin bara hancinsa ya mutu. Ba ya jin gas, ba ya jin shayi, ko ƙasar da aka yi wa ban ruwa ba ya ji. Ya ɓoye mini ne don ya san abin da zan ce.

Tausayinsa ya kama ni, tsoro kuma ya fi tausayin. Na ce, "To ka san sharaɗinmu. Yau za mu tafi."

Bai yi musu ba. Ya tashi ya shiga ɗaki, na ɗauka kayansa zai haɗa. Sai ya fito da mayafin Inna, shuɗin nan da take zuwa biki da shi, a ninke. Ya miƙo mini da hannu biyu.

"Kullum da safe ina buɗe akwatinta in sa a fuskata. Ban san ko ina yaudarar kaina ba. Ke mai hanci ce. Ƙamshinta na nan?"

Na kai hanci. Wallahi babu komai sai warin akwati da ɗan sauran warin gas. Na ɗago, na ga yadda yake kallon bakina.

"Yana nan, Baba. Humrarta ce sak."

Ya lumshe ido, ya karɓi mayafin ya rungume.

"To in ɗakin na riƙe mata da shi har yanzu, ɗiyata, ina zan tafi in bar ta?"

Ni na faɗa da bakina, ba ni da hanyar janyewa. Na zauna bakin rumfar ina share hawaye da gefen zane, ina kwance robar daga jikin tiyon.