Babban Yatsan Baba Masinja

"Rage," in ji Baba Masinja. "Wannan ai dutse ka kawo mini, ba taya ba."

Karo na uku ke nan da safiyar nake turo kekensa har bakin gadonsa. Ni tela ne, shagona na jikin gidansa, ga ɗinki jibge yana jirana. Amma tun da ciwo ya kwantar da shi, wata biyu ke nan, ya ɗora mini aikin duba iskar tayoyin nan kullum. 'Yarsa ta haihu a can ƙarshen gari, shi kuma ya kafe ba zai ga jikan a kwance ba, a kan kekensa zai je. Don haka dole keke ya zauna cikin shiri.

Shekara talatin ya yi yana raba takardun ofis a kan keken, bai taɓa yarda da wani ma'auni ba sai babban yatsansa. Ya sha karanta mini dokar har na haddace: ta baya ta fi ta gaba tauri, don ita ke ɗauke da mutum. In ta cika tauri, kowace tsakuwa sai ka ji ta a ƙugunka, zafin kwalta kuma ya fasa maka ita. In ta yi laushi, ka yi ta tuƙi kamar mai jan buhu. Ni kuwa hannuna nauyi gare shi a famfo, kullum sai na zarce, kullum sai na sha faɗa. Wani lokacin har haushi nake ji.

Ranar dai ban zarce ba. Na san ban zarce ba.

Na durƙusa na sace iska kaɗan. Ya miƙo hannu daga cikin mayafi, ya ɗora yatsa a kan tayar baya, ya danna. Ko motsi ba ta yi ba.

"Tela, yau me ke damunka? Ƙara ragewa."

Iya, matarsa, tana bakin ƙofa da kofin magani, ta shiga ta fita ya fi sau biyar. Muka haɗa ido, ta kau da kai. Na ƙara sacewa, ya danna, ya girgiza kai. Na sake. Na rasa inda zan sa idona. Sai da tayar ta kusa kwantawa a ƙasa, wadda ko ɗan yatsana zai lotsa, sannan ta ɗan shiga ƙarƙashin yatsansa.

"Yauwa," ya ce, yana murmushi. "Ka ga yanzu ta yi. Sai yau ka iya."

"Na iya, Baba."

"Gobe da wuri zan fita, kafin rana ta yi zafi. Kada ka taɓa mini ita."

"Ba zan taɓa ba."

Kafin la'asar ya cika. Wata biyu ina neman kalmar nan ta "ka iya" daga bakinsa, da na same ta kuma sai na ji da ma faɗan ya yi mini.

Bayan kwana uku 'yar ta zo da jaririn. Na shiga gaishe su, na tarar da keken a zaure inda na jingine shi, famfon na rataye a sirdi. Na ɗauko famfon, na tsuguna gaban tayar baya, na daɗe a haka. Daga ciki jaririn ya fara kuka. Na mayar da famfon inda yake.