Rinar Da Ta Zo Cikin Katako

Shekara tara Salmanu ya yi yana kiwon zuma a gonar dabinon kafilinsa Abu Sa'ad, wato ubangidan da ya tsaya masa, a kwarin Wadi Hanifa, bayan garin Riyad. Mutumin Ningi ne, hajji ya kawo shi, aiki ya riƙe shi. Amyarsa ashirin da biyu, duk na kututturen dabino da ya fafe da hannunsa, a jere a inuwar katanga. Ƙudan zuman ƙasar ƙanana ne, masu jure zafi, ba su da faɗa irin na gida.

A shekarar 1976, lokacin da gine-gine suka cinye tsallaken kwarin, ya fara ganin wata baƙuwar rina. Rinar gari ya san ta, ja ce, Larabawa na ce mata dabbur, kuma zumarsa ta saba da ita. Wannan kuwa baƙa ce, ta kusa tsawon ɗan yatsa. Sai ta tsaya cak a iska a bakin amya, ta cafke mai dawowa daga kiwo, ta gutsure kai ta yar, ta tafi da ƙirjin.

Ya yi kwana goma yana kaɗe su da zarbar dabino. In ya kashe talatin da safe, da la'asar hamsin sun zo. Ƙudan suka daina fita, suka dunƙule a bakin ƙofa suna rawar jiki, yunwa na cinsu a ciki. Amya shida suka mutu.

"Malam, dubi hannunka," in ji matarsa Sailuba, tana shafa masa toka a inda aka harbe shi. "Ka gaya wa mai gonar mana."

"Na gaya masa. Ya ce Allah Karim, ya shiga motarsa."

Washegari Salmanu ya ajiye tsokar kifi a kan dutse. Da wata rina ta sauka ta duƙufa, ya zarga mata farin zare a ƙugu, ya sake ta. Ya bi zaren da ido, yana gudu yana tuntuɓe, har ya haye kwarin ya iske shingen waya na wani kamfanin gini. Can ciki, a tsakanin tulin katakon da aka shigo da shi daga ƙasashen waje ta jiragen ruwa, rina ke shiga da fita.

Mai gadi ya hana shi shiga. Yana cikin magiya da guntun Larabcinsa, wani saurayi mai hular ƙarfe ya ji Hausa a bakinsa ya matso. Abdulganiyu ne, injiniya ɗan Zariya, mazaunin unguwar Malaz.

"Baba, lafiya?"

Salmanu ya nuna masa katakon. "Gidansu na nan ciki. Ka ba ni izini in shigo da tsumma da kananzir, ni kaɗai na isa."

"Wuta a cikin katako? Ai mudir, shugaban kamfanin, ba zai yarda ba. Amma ka kwantar da hankalinka, mu ma sun harbi ma'aikatanmu biyu. Muna da motar feshi, gobe zan sa a gama da su."

Salmanu ya yi masa addu'a har ya gaji. Bai tambayi wane irin feshi ba ne.

Da hantsi motar ta zo. Daga gona ya hango farin hayaƙi ya tashi a kan shingen, kuma iskar ranar daga can take busowa. Hayaƙin ya gangaro cikin kwarin, ya kwanta a kan gonar ciyawar alfalfa mai fure, inda ƙudansa da suka samu sararin fita suke kiwo. Ya ruga yana yage buhuna yana jiƙawa yana rufe amyoyi, Sailuba na miƙo masa ruwa tana tari. Amma na waje sun riga sun ɗauko gubar, kuma cikin gida suka kai ta.

Kafin azahar ƙasa ta yi baƙi da ƙudan zuma a gindin katanga. Suna juyi a bayansu, harsunansu a waje. Ya durƙusa ya ɗebo su cikin tafin hannu, babu wanda ya harbe shi.

Da yamma Abdulganiyu ya zo da fara'arsa ya kawo albishir. Ya tsaya a bakin lambu, ya ga Sailuba na shara tana zubawa a kwando.

"Baba, wallahi ban sani ba."

"Na sani, Injiniya. Ni na je na kira ka."

Amya uku suka tsira, su ma da kyar. Salmanu ya dama musu ruwan sukari, ya tsuke ƙofofinsu da laka. A kwana na huɗu, yana alwala a bakin rijiya, ya ji wannan ƙugi mai kauri a bayansa. Rina biyu ne, daga yamma suka fito, wajen da babu kamfani, sai dabinai da tsofaffin katangu. Sun riga sun yi wani gidan ke nan.

Ya ƙarasa alwalarsa, ya yi salla. Sannan ya shiga ɗaki ya ce wa Sailuba ta duba masa akwatin da takardunsu na iƙama, wato izinin zama a ƙasar, suke.

"Tafiya za mu yi?"

"Ban sani ba tukuna. Ki dai duba."