Fara Mai Ƙafa Shida

Ƙarfe takwas da rabi na safe, ruwa ya ɗauke amma zafin kaka ya sauka, Madam Radiya ta tsaya tana kallon abin da yara suka zube mata a tebur. Sufeton makarantu yana hanya daga Tanut don ya ga darasin yau. Da takardar da zai rubuta take fatan a mayar da ita Damagaram, ta huta da wannan ƙauye da ajinsa na zana.

Darasin na halittu marasa ƙashi ne. Jiya ta ce kowa ya zo da fara, a ƙirga ƙafafu shida, a duba fiffike, sannan kowa ya ƙera tasa da laka. Sun kuwa zo da ita: soyayyiya, an cire ƙafa da fiffike, an barbaɗa yaji.

"Hamidu, mene ne wannan?"

"Fara ce, Madam. Inna ta ce ba a kai wa malama ɗanya."

"Ƙafarta nawa?"

Yaron ya juya ta, ya sake juyawa. "Ba ta da ko ɗaya."

Ta ja tsaki. Mutanen da ba su san komai ba sai ciki! Shekara uku tana fasa maƙogwaro, ga abin da ta samu.

Asibi, tsohuwar da ke dafa wa makaranta abinci, ta leƙo.

"'Yar nan, lafiya kike faɗa tun da safe?"

"Iya, koma wajen tukunyarki. Wannan zancen karatu ne, ba na miya ba."

Asibi ta dubi teburin, ta dubi lakar da aka kwaɓa, ta fita. Can ta dawo daga bayan aji da gwangwanin madara, ta ajiye. Fara biyu ne a ciki, masu rai, masu zanen ruwan ɗorawa da shuɗi.

"Farar tumfafiya ce. Ba mai cin ta, shi ya sa ta tsira da ƙafafunta. Kada dai su sa a baki."

Sai ga ƙarar mota. Radiya ta gyara mayafi, ta ɗauki gwangwanin, ko kallon tsohuwar ba ta yi ba.

"Yara, ku matso! Wa zai ƙirga mini ƙafafun nan?"

Asibi ta lura soyayyiyar farar tana nan a tebur, daidai inda baƙo zai ajiye jakarsa. Ta tattare ta a bakin zanenta, ta goge maiƙon da hannu, ta bi ta baya ta koma wajen wutarta.