Yankan Malam Hadi

Sau uku ke nan Margaret tana leƙa ƙofar gida, ba ta ganin kowa sai samarin da ke zaune a benci gaban masallacin unguwa. Da can in ta leƙo sai sun yi mata caa da gaisuwa, "Sista, ina kwana! Sista, ya aiki!" domin rabinsu a hannunta suka faɗo duniya. Yau ɗaya ne kawai ya ɗaga kai, shi ma ya mayar da shi kan wayarsa.

Bunsurun na ɗaure a turke tun asuba. Ruwan zafi ya tafasa ya ƙone, an ƙara wani.

Shekara ashirin da biyu, tun da aikin ungozoma ya kawo ta Birnin Kudu ita da marigayi mijinta Edward, ba a taɓa yin jajiberen Kirsimeti hantsi ya wuce Malam Hadi bai shigo ba. Maƙwabcinsu ne, kuma limamin masallacin. Yakan zo da wuƙarsa naɗe a tsumma, ya fuskantar da dabbar gabas, ya yi bisimilla ya yanka, domin kashegari gidaje goma sha ɗaya su ci shinkafar Sista hankali kwance. Da layya kuma cinya guda ke shigowa gidanta daga nasa. Babu wanda ya taɓa zama ya tsara wannan. Haka nan aka saba.

"Mama, azahar ta kusa," in ji ɗanta Gerald daga bakin ɗaki. Shekararsa biyu a makarantar koyon aikin fasto a Jos, ya zo hutu da Littafi Mai Tsarki da sabon tsauri a murya. "Kin tuna abin da muka yi?"

Ta tuna. Mako guda yana damunta ta tattara ta koma gida Pankshin tunda ta yi ritaya, wai garin nan ya daina sonta, ita ce kawai ba ta gani ba. Jiya da ya ishe ta sai ta ce masa: in har Malam bai yi mata yanka bana ba, za ta bi shi bayan sabuwar shekara. Ta faɗa tana dariya, don ba ta ga yadda hakan zai faru ba.

Ta yafa gyale ta shiga gidan Malam. Balaraba, matarsa, tana tsintar wake. Ta amsa sallama da fara'a, amma ba ta jawo tabarma ba.

"Ai Malam ya tafi Gwaram tun bayan sallar asuba."

"Gwaram? Yau?"

"Wallahi Sista, haka dai ya ce." Idonta na kan faifai.

A zaure ta ci karo da Bahauddeen, babban ɗan Malam, wanda yanzu ke riƙe da Islamiyyar gidan. Ya rusuna ya gaishe ta kamar yadda ya saba, abin da ya fi tsorata ta ke nan.

"Sista, kada ki ɗauka gaba ce. Ranar nan ibada ce a wurinku, kuna bikin abin da mu ba mu yarda da shi ba. Wanda ya yanka ya sa hannu, wanda ya ci ma haka. Gobe kada a wahala a kawo mana."

"Kai, Baha? Kai da kake lashe kwanon har sai an ƙwace?"

"Lokacin ban sani ba."

Kowa a unguwar ya san da zuwan wannan rana. Mako biyu wani wa'azi yana yawo daga waya zuwa waya, an ji shi a wurin mai shayi, an ji shi a shagon aski. Dattawan da suka ci shinkafar nan shekara ashirin sun ji, suka gyara zama suka ce zai wuce, yara ne. Haka suke cewa a kan komai. Babu ɗaya da ya tako ƙofarta ya ce mata ga abin da ake ciki, ko ya tsaya gaban bencin nan ya ce kai, ya isa. A coci ma haka: an ga Gerald yana tara matasa yana musu faɗa a kan masu haɗa haske da duhu, manya suka ce yaro ya samu kiran Ubangiji, Allah ya ƙara.

Da ta ba Gerald labarin abin da Bahauddeen ya ce, sai ya yi murmushi.

"Ai gaskiya ya faɗa, Mama. A wannan ni da shi bakinmu ɗaya. Kirsimeti ba shinkafa ba ce, ba sabon ɗinki ba ce. Haihuwar Mai Ceto ce. Ta yaya za a yanka abin ranar Yesu da bakin wanda bai karɓe shi ba, don kawai a faranta wa maƙwabta?"

"Ubanka ya riƙe masa ƙafafun dabba shekara goma sha biyar. Shi ba Kirista ba ne?"

"Baba mutumin kirki ne. Amma tsoro kuka yi, kuka sa masa suna zumunci."

Ta ɗaga hannu kamar za ta mare shi, sai ta sauke. "Ka bari a yi la'asar."

Aka yi azahar, wani ne ya ja sallar. Aka kira la'asar. Bencin ya cika, har wasu na tsaye, kuma ba hira suke ba. Ƙofarta suke kallo.

Tana cikin kicin ta ji Gerald yana addu'a da ƙarfi cikin sunan Yesu, sannan kukan bunsurun. Kukan ya daɗe fiye da yadda ya kamata. Ta zauna a kan turmi. A bayan ƙofar ɗakinta akwai jakunkuna uku da yaron ya saya tun Jos, ko tambayarta bai yi ba.

Jinin bai gama bushewa ba aka yi sallama. Malam Hadi ne, babbar rigarsa duk ta yamutse da zaman mota, tsumman nan a hannunsa. Ya dubi bunsurun kwance, ya dubi rigar Gerald.

"Hannunka ya yi rawa," in ji shi. "Ka wahalar da shi."

"Baba, ba don raini na yi ba. Ranar Ubangijina ce."

"Na sani. Haka nawa ma ya ce."

"Malam," in ji Margaret, "na ɗauka guduna ka yi."

"Yarona ne ya buɗo mini littattafai, Sista, na kasa ba shi amsa. Sai na ce bari in je wurin wanda ya karantar da ni, can Zandam ta ƙasar Gwaram, tun yana da rai. A dawowa taya ta fashe mana."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce, kana bin su coci? Na ce a'a. Ya ce, maƙwabciyarka ce? Na ce katanga ɗaya. Ya ce, to me ya kawo ka Zandam ka bar dabbar mutane a ɗaure?" Ya ɗan yi dariya, ba wanda ya taya shi. Ya sake duban naman. Su ukun sun sani, ko da littafi ya halatta, babu gidan da zai taɓa shi a unguwar nan. "Ba ki da ko kaza?"

Akwai wani tsohon zakara mai taurin nama da ta bari don cara. Gerald bai motsa ba, ita ta kamo shi da kanta. Ta nufi gindin turke inda aka saba, Malam ya girgiza kai.

"Waje."

"Malam, suna nan fa."

"Shi ya sa."

A ƙofar gida, a gaban bencin, ya tsuguna ya take fikafikan, ya juya gabas. Margaret ta riƙe ƙafafun kamar yadda Edward ke yi. Ya ɗaga murya ya yi bisimilla da kabbara, yadda har mai shayi sai da ya waiwayo. Wayoyi biyu suka ɗago suna ɗauka. Bahauddeen na tsaye bakin zaure, hannuwansa a baya. Sai ya juya ya shige. Ɗaya bayan ɗaya samarin suka tashi suka bi shi, benci ya zama wayam.

Malam ya goge wuƙar ya naɗe. "Namu kwanon ki aiko da wuri. Ni zan karɓa."

Da ta koma ciki ta ɗauko wata tukunya daban, wadda ba za ta haɗu da naman bunsurun ba. Ta sauko da kwanuka goma sha ɗaya ta jera.

"Zakara ɗaya, gida goma sha ɗaya?" in ji Gerald. "Nawa ne ma za su karɓa?"

"Ka kwashe jakunkunan nan daga ɗakina. Ba inda za ni."

Tana figar zakaran aka kira magariba. Lasifikar masallacin na bayan katangarta. Shekara ashirin da biyu ta san yadda Malam Hadi ke gyaran murya sau biyu kafin ya tayar da kabbara, har takan saita girkinta da shi. Ta dakata, hannunta cikin ruwan zafi, tana jira.

Ba a yi gyaran murya ba. Muryar da ta ja sallar sabuwa ce, mai zaƙi da ƙarfi, kuma ta san ta tun kukan Bahauddeen na farko a hannunta.

Ta ci gaba da figa.