Sallama Uku a Durumi

Umar Farouk mutum ne mai tsawaita zaɓe. Ko albasa matarsa ta aike shi saye sai ya juya ta sau goma, balle abin da zai ɗora a kunnensa tun safe har yamma. Shi ya sa ranar Asabar ɗin da ya shiga shagon Thaddeus a Gudu neman hedfon marar waya, aka yi azahar aka kusa la'asar yana nan tsaye.

Yana da hujja. Hukumar da yake wa aiki ta bar shi ya riƙa aiki daga gida, gidan kuwa a Durumi yake, tsakanin mai walda da injin markaɗen maƙwabciyarsa Kauthar. Duk mitin ɗin da aka yi ta kwamfuta, rabin maganar kawai yake ji, sauran ya yi ta cewa a maimaita har kunya ta kama shi.

Thaddeus ya jera masa guda biyu a kan kanta.

"Oga, wannan fari, kiɗa yana daɗi sosai. Kuma idan mutum ta yi magana kusa da kai, zai rage kansa ka ji. Wannan baƙi kuma ba ruwansa da kowa. Kana sa shi, Abuja ya mutu."

Umar ya fara da farin. Ya kunna busar sarewa irin ta makiyaya da yake ajiye a wayarsa, ya ji har numfashin mai busar, sai ta tuna masa da Baffa Maude. Ƙanen mahaifinsa ne, makiyayi a bayan Karshi, shi ya riƙe shi tun yana maraya, ya sa shi boko alhali kowa a rugar yana cewa a'a. Shekara biyu ke nan Baffa bai yi masa magana ba. Lokacin da Hajjo matar Baffa ta rasu, wadda ta goyi Umar a bayanta, Umar yana kwas a Legas, bai zo ba sai bayan sadakar bakwai. Ya ba da haƙuri, ya aika dattawa, shiru. Sai a makon nan saƙo ya iso ta bakin Suwaiba, 'yar Baffan: an kewaye makiyayarsu da katanga za a yi gidaje, za su tashi zuwa Taraba, kuma Baffa ya ce kafin nan zai zo gidan Umar da ƙafarsa. Bai sa rana ba.

Sannan ya ɗora baƙin. Tsit! Ga bakin Thaddeus yana motsi, ga janareto yana girgiza a ƙofar shago, amma babu ko ƙwas. Rabonsa da irin wannan shiru har ya manta, ya ji kamar an sauke masa tulu daga ka. Ba wai bai tuna Baffa zai zo ba. Ya tuna, sai ya ce wa ransa ai tsohon zai yi waya tukuna. Duk wanda ya san Baffa Maude ya san ba ya neman izinin zuwa gidan ɗansa ta waya, kuma Umar ya fi kowa sani. Ya ce a naɗe masa baƙin.

Ranar Laraba da hantsi matarsa Nazeefa ta tafi ofis. Ya zauna a teburinsa da ke gefen taga, idonsa a kan kwamfuta, ya yi mitin mafi daɗi a rayuwarsa. Ya ji kowace kalma, ya yi dariya a inda ya dace, har ogansa ya yaba. Da aka gama bai cire ba, ya zarce da sarewarsa yana kaɗa kai.

Da azahar ya fito da buta, Kauthar ta kashe inji ta tare shi.

"Malam Umar, ka yi baƙo fa. Wani dattijo dogo, da sanda da ƙwaryar nono. Ya yi sallama, ya jira. Ya sake yi, ya jira. Ya matsa kusa da taga ya yi ta uku, yana kallonka kana ta dariya. Na ce bari in buga maka ƙofa, ya ce a'a, uku ake yi. Ya ɗauki ƙwaryarsa ya tafi."

Butar ta suɓuce daga hannunsa. Ya kira lambar Baffa, tana shiga ba a ɗauka. Ya shiga mota da silifas ɗin alwala, cunkoson Nyanya ya cinye masa awa biyu, yana dukan sitiyari yana istigfari.

Da ya isa rugar ya tarar an kwance bukkoki, ana ɗaure kaya a bayan shanu. Suwaiba ta gan shi ta sunkuyar da kai. Baffa yana gefe yana ɗaure wani maraƙi. Umar ya cire silifas ya durƙusa a kan kashin shanu bai ma lura ba.

"Baffa, wallahi tallahi ban ji ba. Wani abu ne a kunnena, na aiki. Idan aka sa shi ba a jin komai."

"Na gan shi," in ji tsohon, bai ɗago ba. "Ni ba jahili ba ne, Umaru. Na san ba ka ji ba."

Umar ya ji sanyi a ransa, har ya fara ɗago kai.

"A ofis aka ba ka shi?"

"A'a, Baffa. Ni na saya."

"Duk haka suke? Babu wanda ake jin mutum a cikinsa?"

Ƙarya tana nan kusa, kuma da ta wadatar. Amma hannun nan da ke jan igiya shi ya koya masa alwala, sai ya kasa.

"Akwai."

"Kuma Suwaiba ta faɗa maka ina tafe."

"Ta faɗa."

Baffa Maude ya ƙulle igiyar, ya gwada ƙarfinta sau biyu. Sannan ya dube shi, karo na farko cikin shekara biyu, babu fushi a fuskarsa ko kaɗan. Da fushin ne da ya fi sauƙi.

"To, madalla. Tashi, ranka ya daɗe, kada ka ɓata wandonka. Allah ya kiyaye hanya."