Ba a Kallon Mutuwar Ba'ushkare

Tun da ta tashi gaban Nelida yake faɗuwa, ta kuma rasa dalili. Ta ɗora laifin a kan zafi, don a birnin Guayaquil cikin watan Maris ko kare ba ya son fita da tsakar rana, balle mai hankali ya shige cikin rigar roba tun daga ƙafa har ka. To amma wa ya ce mijinta Eusebio, wanda duk unguwa ke kira Chebo, yana cikin masu hankali in aka zo batun Ushkarawa?

Ushkarawa dai mayaƙa ne na wata duniya can a sararin sama, a cikin wasu finafinai da Chebo ya kalla har ya haddace. Babu su a ko'ina sai a allon silima, amma je ka faɗa wa wannan direban bas mai tumbi da ciwon asma. Shi da abokansa sun kafa ƙungiya, kowace Lahadi bayan coci su taru a garejin Don Fausto, wani mai sayar da tayoyi da ya naɗa kansa sarkin yaƙi, su yi ta musu kan abin da Ba'ushkare yake ci da yadda yake gaisuwa. Nelida ta sha jin dokokinsu a bakin tukunya har sun gundure ta. Ba'ushkare ba ya buɗe fuskarsa ga kowa sai wanda zai binne shi. In ajalinsa ya zo, 'yan'uwansa su kewaye shi, su juya masa baya, su yi ta buga māsu a ƙasa, wai kallon mutuwar jarumi sace masa suna ne. Ba mai waiwayowa sai ya yi gurnanin ƙarshe.

Bana Chebo aka ba mutuwar. Shekara da shekaru yana cikin masu juya baya, yanzu ga shi shi zai faɗi a tsakiyar dandamali a babban taron masoya finafinai. Wata guda yana mutuwa a falo kullum bayan ya tashi daga aiki, har ya fasa mata tukunyar fure. Ta san mutuwar nan ciki da waje: ya yi tangaɗi, ya durƙusa a kan gwiwar hagu saboda ta dama tana masa ciwo, ya buɗe hannuwa, ya kife.

Bara ta yi masa abin kunya. Tuntuɓe kawai ya yi a fareti, ta ruga da gorar ruwa tana kiran sunansa a gaban jama'a. Mako guda bai yi mata magana ba, 'yan ƙungiyar kuwa suka laƙa mata suna Motar Asibiti. Shi ya sa da safen nan, yana shan miyar kifi da rogo, ya kama hannunta.

"Neli, duk abin da kika gani wasa ne. Rantse ba za ki hau dandamalin ba."

Ta rantse da kabarin mahaifiyarta, har da Don Fausto a tsaye a bakin ƙofa yana murmushi.

Rumfar taron ta kwano ce, zafi yana sauka daga sama kamar an buɗe tanda. Nelida ta samu kujera a gaba, jakarta a cinya, a ciki akwai allura da zare da almakashi, don ita ke ɗinka wa 'yan ƙungiyar kayan, da kuma abin shaƙar asmar Chebo wanda ya ƙi ɗauka, wai jarumi ba shi da aljihu. Aka yi faɗan, aka soke shi da mashin katako, mutane suka yi ta tafi. Ya yi tangaɗi yadda ya saba. Sai ya faɗi a kan gwiwar dama.

Nelida ta gyara zama. Ta ce wa kanta ai ruɗewa ce, mutum a gaban taro yakan manta. Ushkarawa suka kewaye shi, suka ba shi baya, fuskokinsu na roba masu haure suna kallon jama'a, suka fara buga māsu, dum, dum, dum. Ta sunkuya tana leƙensa ta tsakanin ƙafafunsu. Bai buɗe hannuwa ba. Hannuwansa biyu suna ƙeyarsa, suna yaƙushin wurin da ta saka wa hular fuskar zik. Chebo da ya gwammace a yanke masa yatsa da ya taɓa fuskar nan a gaban mutane.

Wani saurayi a bayanta yana ta yabo, wai bai taɓa ganin wanda ya iya mutuwa haka ba. Ita kuwa ta ƙanƙame jakarta. In ta hau ashe wasa ne, ta kashe masa abin da ya fi so a duniya, ta kuma karya rantsuwa. In ta zauna ashe ba wasa ba ne fa? Ta fara addu'a, ta kasa kai ta ƙarshe. Jira take ya yi gurnanin nan mara daɗin ji da ya hana ta barcin rana wata guda, wallahi da ta ji shi da ta yi rawa. Dugadugansa suna dukan katako, suna duka, suna duka a hankali. Sai hannunsa ɗaya ya zame daga ƙeyarsa ya kwanta.

Ba ta san lokacin da ta hau ba. Wani dogo a cikinsu ya gitta mata mashi, muryar Don Fausto ta fito daga cikin roba can ƙasa-ƙasa.

"Kin rantse, Nelida. Kada ki ɓata masa ranarsa."

Ta roƙe shi ya waiwaya ya duba, ko sau ɗaya. Ko motsi wuyansa bai yi ba, mutumin banza. Ta zube ƙasa ta rarrafa ta ƙarƙashin mashin, siket ɗinta na zuwa coci yana jan ƙura, wasu a cikin jama'a suna dariya, wasu suna mata ihu ta sauka.

Jikin Chebo zafi rau kamar dutsen guga. Ta laluba zik ɗin ta ja, ya ƙi. Ta sake ja har farcenta ya karye. Sai warin ya bugi hancinta, warin gam ɗin takalmi da ta ji a banɗaki da safe ba ta kula ba. Don Fausto ya daɗe yana masa gorin cewa ana hango fatar wuyansa, shi ne wawan ya manne hular da rigar gaba ɗaya, har da zik ɗin.

Ta zazzage jakarta a ƙasa ta ɗauki almakashi. Robar ta lafe a maƙogwaronsa, babu inda za ta sa yatsa. Tsinin almakashin yana daidai jijiyar wuyansa, kuma ba ta iya ganin inda roba ta ƙare fata ta fara. Ta ce, Ubangiji, kada ya zama ni ce ajalinsa. Ta soka ta yanka zuwa sama, jini ya biyo ƙarfen siriri, ba ta tsaya ba sai da haɓar robar ta rabe biyu. Ta sa hannu ta yage sauran.

Fuskarsa ta yi toka-toka, leɓɓansa sun yi shuɗi, ido a kakkafe. Ta cusa masa abin shaƙar a baki ta matsa, bai ja ba. Ta ɗago kansa ta jingina a ƙirjinta, ta sake matsawa, tana girgiza shi tana zaginsa, tsohon banza, mai taurin kai, ka ja numfashi mana. A kewaye da ita māsu suna ta dukan katako, mutum goma sha wani abu da suka ci abinci a gidanta, kowa ya ba ta baya yana jiran gurnani.

Abin da ya fito ba gurnani ba ne, wani ɗan fito ne siriri kamar na butar shayi a kan wuta. Sai wani. Ƙirjinsa ya ɗaga. Wata mata a cikin jama'a tana kiran a kawo masu agaji. Māsun suka rikice, suka daina ɗaya bayan ɗaya, fuskokin roba suka fara waiwayowa. Don Fausto kaɗai bai juyo ba. Ya daina bugawa, ya riƙe mashin da hannu biyu, don yanzu ya gane, kuma ba shi da zuciyar ganin abin da ke bayansa.

Chebo ya buɗe ido, ya ga rufin kwano, ya ga mutane, ya ga guntun fuskarsa a hannunta. Ya ɗago tafinsa da ƙyar zai rufe fuska. Ta kai kunne bakinsa.

"Neli... sai wanda zai binne..."

Ta kama hannun ta danne shi a cinyarta, hawaye yana ɗiga a kan goshinsa.

"To ai ni ce zan binne ka, tsohona. Amma ba yau ba."

Da masu agaji suka iso sai da suka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya kafin ta saki almakashin.